Gindin Soron Leƙe

Matso kusa ɗana, gyara zama ka ba ni kunnenka, don maganar nan ba ta tsaye ba ce. Abin da ya tayar da ita kuwa, ran nan muna zaune a zaure bayan la'asar, sai Aminu ɗan ƙanena, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa can Ikko, ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, dubi gini." Na duba. Wasu dogayen soraye ne na dutse a ƙasashen waje, kowanne tsaye shi kaɗai a kan tsauni, ruwa shuɗi shimfiɗe gabansa har iyakar ganin ido, farin kumfa yana dukan gindin dutsen. Ya ce mutanen da ne suka gina su don mai gadi ya hango jiragen mahara tun suna nesa, in ya gani ya hura wuta, na gaba ya hango shi ma ya hura tasa. Na ce, "Ashe su ma sun san tsoro." Samari suka kwashe da dariya. Sai wani daga cikinsu ya ce, "Ai wannan shi ne gini, Baba Tanimu. Naku na ƙasa wa zai gagara? A kwaɓa a manna, shi ke nan."

Ban yi fushi ba. Ni ban taɓa ganin teku ba, iyakata Kaduna, ita ma biki ne ya kai ni, tun kafin a watse na ce a mai da ni gida. Amma mu ma muna da irin soron nan a bayan unguwarmu, kuma hannuna ke riƙe da shi tun ina saurayi.

Soron Leƙe muke ce masa. Ɗan ɗaki ne ƙarami a kan ganuwa, daidai inda ta yi gwiwa ta fuskanci Kufena. Tagoginsa daga waje ba su fi tafin hannu ba, daga ciki kuwa sun buɗe, don mai leƙe ya ga kowa, kowa bai gan shi ba. Manya sun ce a nan mai gadi ke wuni, in ya hango abin da bai gamshe shi ba ya buga ganga, manoma su baro gona su shigo, a rufe ƙofa. Wannan ji na yi. Abin da na gani da idona shi ne abin da ake gani in an hau da damina: dutsen Kufena ya jiƙe yana sheƙi, dawa da masara sun yi kore shar har gindinsa, ga rake a fadama, ga rimaye can cikin gari shirwa na kewaya su. A ƙasa kuma ga gwalalo, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar ganuwa, cike da ruwa da kukan kwaɗi. Yanzu gidaje sun cinye yawancin gonakin, kwanon rufi ke ƙyalli inda da dawa ke kaɗawa. Dutsen dai yana nan.

Ranar da babana ya kai ni wurin Malam Barau magini, ko fuskata bai duba ba, ƙafata ya duba. Ya ce, "Faɗinta ya isa. Shiga." Ya nuna mini tarin jar ƙasa da aka jiƙa, na naɗe wando na shiga. To, mai cewa a kwaɓa a manna ya ji, wannan ce kwaɓawar. Ka taka, a zuba yankakkiyar ciyawa, ka taka, a zuba kashin doki, ka taka har cinyarka ta riƙa rawa. Sannan a rufe ta a bar ta ta ruɓe. Gobe a buɗe a ƙara ruwa ka sake shiga. Na taɓa tambayarsa yaya ake gane ta nuna. Ya ce, "In matan unguwa suka fara toshe hanci suna zaginmu ta kan katanga, ta kusa." In ya ga ta yi, sai ya dunƙula ya maka a bango. In ta zauna daram, a fara aiki. In ta zamo ƙasa, ba ya ko magana, ƙafata kawai zai kalla.

Na daɗe ina taka ƙasa kafin a bar ni in yi tubali, na daɗe ina tubali kafin a bar ni in jefa. Tubalinmu ba irin bulonku mai kusurwa ba ne, dunƙule ne mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana ya bushe. Magini yana can bisa bango ya hau shi kamar jaki, kai kana ƙasa kana jefa masa, yana cafewa yana jerawa yana cusa ɗanyar ƙasa tsakani. In ka jefa da ƙarfi ka fasa masa haɓa, in ka jefa da sanyi ya dawo maka a ka. Ga tabona nan a goshi, tubalin da na jefa da kaina ne ya dawo gaishe ni. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, fartanya, kwando, tulu. Ma'auninmu ido, cokalinmu tafin hannu. Sai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake cuɗa ƙasar yaɓe da shi don ruwan sama ya zame. Babban abin da ya fi duka wuya kuwa shi ne haƙuri. Bango sahu-sahu yake tashi, kuma ba a ɗora sabo sai na ƙasa ya bushe.

A nan muke samun rigima da masu gida. Na tuna wani ɗan kasuwa da muka yi wa zaure, kullum yana tsaye a kanmu da carbi yana cewa, "Malam Barau, a ƙara sahu ɗaya mana, rana ba ta faɗi ba." Malam Barau ya ce, "Alhaji, in tuwo bai nuna ba kana cewa a kwashe don kana jin yunwa?" Ya ce, "Ai ina cewa." Malam Barau ya ce, "To shi ya sa ba kai ke tuƙawa ba." Akwai kuma masu kirki, waɗanda kunu ke riga mu isa wurin aiki. Daga baya siminti ya shigo ya kwashe mana mutane. Ni ma na koyi jera bulo, ba zan ɓoye ba, ciki ba ya jiran kowa.

Amma duk shekara, da an gama girbi, kafin Malam Barau ya karɓi aikin kowa sai mun je mun yaɓe Soron Leƙe. Babu mai aiko mu, babu mai sallamar mu. Ya ce a da kowace unguwa tana da nata yankin ganuwa da take gyarawa, wannan gwiwar ita ce rabon unguwarmu, kowa ya saki nasa, shi bai ga wanda ya ce masa ya saki ba. Kuma kullum daga ƙasa yake farawa. Ni ina ɗokin hawa sama in sha kallo, shi yana durƙushe yana shafa gindin ganuwa kamar mai duba ƙafar doki. Ya ce, "Tanimu, mutum da gini duk ta ƙafa suke tsufa." Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya ce mini ga aikinka. Kaka ta yi kawai, na ɗauki kwando na tafi.

Sai shekarar da muke ce wa shekarar zubewa. Ba ruwa mai ƙarfi ne ya yi ɓarnar ba, marka ce. Sama ta ɗinke, yayyafi ya ƙi ɗaukewa, rana ta ƙi fitowa, har bangaye suka sha ruwa suka ƙoshi. Sai ka ji rim a lungun nan, kafin a gama salati ka ji rim a wancan. Cikin ɗakunan da suka faɗi har da na Gwaggo Indo, ƙanwar babana. Da hantsi ne, ta fito duba tukunya a murhu, ɗakin ya zauna a bayanta, ya danne gadonta da jeren kwanukanta duka. Na ɗauko ta na kawo ta gidana.

Wata safiya da ruwa ya ɗan tsagaita na zagaya duba soro. Tun daga nesa na ga abin da ya tsayar da ni. An yi rami a gindin ganuwa, daidai ƙarƙashin soron, wanda mutum zai shiga ya zauna. Ga sawun jakai, ga kashinsu ɗanye. Ban daɗe ba sai ga mai aikin da kansa, Sale Bakano mai jakai, abokin wasana, wanda ya shekara da shekaru yana kawo mini ƙasa.

Na ce, "Bakano, kun gama cinye taku ganuwar, ka zo ka fara tamu?"

Ya ce, "Kai Bazazzage, yi mini a hankali. Ramin ƙasa na bayan gari ya cika maƙil, jakina kuwa ba kifi ba ne. Mutane na kwana a zaurukan maƙwabta. Wannan a bushe take, a cuɗe take tun zamanin kakanka, ko ciyawa ba ta nema. Kowa ita yake tarawa, da rana ta fito a yi tubali."

Na ce, "Ɗaga kanka ka ga abin da ke bisa."

Ya ɗaga. Tsaga ce ta taso daga bakin ramin ta miƙe har tagar soron. Na sa hannu a ciki, ya shige har wuyan hannu. Sale ya ce, "To, ka je ka gaya wa mai kayan. Wannan lodin na gwaggonka ne."

Na iske ta a tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo maganar a hankali. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Tanimu, wa ke kwana a soron nan?"

Na ce, "Babu kowa, Gwaggo."

"Akwai. Jemagu. Su ka zaɓa, ni in ƙare kwanana a ɗakin matarka ina jin munsharin jikoki?"

"Gwaggo, ai ƙasar ɗakinki tana nan a tare. Ƙasa ba ta mutuwa. In rani ya yi zan sake jiƙa ta, in ba ta ciyawa, in tayar miki da ɗaki da ita."

Sai ta ajiye faifan. Ta ce, "Ƙasar da ta nemi raina? In sake kwanciya a ƙarƙashinta? Ko kabarina ban yarda a rufe da ita ba."

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ɗaki ya faɗo masa a shekarar nan, ya tsani ganin ƙasar. Masu hali sun ce sun bar ginin ƙasa har abada, bulo za su saya. Marasa hali suna son sabuwar ƙasa. Ita kuwa tsohuwar an tula ta a lunguna ta toshe hanyar ruwa, har ana neman mai kwashewa ya kai kududdufi ya zubar. Ka ga abin: ana zubar da ƙasa ta nan, ana ƙwaƙule ganuwa ta can.

Da damina ba a ginin ƙasa, wannan ko yaro ya sani. Abin da zan iya kawai shi ne in riƙe soron a tsaye har rani. Na bi gidajen da suka zube na roƙi azarar da ba ta karye ba, wato itacen giginya na rufi, na tokare bakin ramin da ita, na tokare bangon soron ta waje. Na haƙa wa ruwa hanya ya daina taruwa a gindin. Tsagar kuma na lulluɓe ta da leda da tsohuwar zana, na danne da duwatsu. Sannan na tafi wurin Mai Unguwa. Ya saurare ni tsaf, ya ce zai yi magana a masallaci, amma in sani, hana mutum abu ba ka ba shi madadinsa ba ɓata yawu ne.

Gaskiya ya faɗa. Saboda haka bayan sallar azahar, da ya gama nasa, na miƙe. Ni ba mai magana a taro ba ne, amma na ce: duk wanda ya bar ganuwa, in rani ya yi ni zan tayar masa da ɗakinsa da sabuwar ƙasar bayan gari, ladan hannuna na yafe. Abin da nake so kawai, ƙasar ɗakinsa da ta faɗi a kai mini gindin Soron Leƙe. Wani daga baya ya ce, "Malam Tanimu ya zama bola." Aka yi dariya. Na ce, "Na ji, a kawo."

Sale ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ka kashe mini kasuwa, Bazazzage." Na ce, "Na buɗe maka dai. Masu neman a kwashe musu ƙasa suna nan, kuma gindin soro ya fi kududdufi kusa. Da rani kuma kai za ka kawo sabuwar. Ina Bakanon da aka taɓa cuta a ciniki?" Ya ce, "Wallahi da ka yi karatu da ka sayar da garin nan."

Ba kowa ya ji ba. Sau da yawa in na zo da safe sai in ga an ɗan ƙwaƙula ta gefe. Ban nemi sanin ko wane ne ba, duk wanda ya yi, ɗan'uwan wani ne. Sai in cike wurin in wuce. Tarin ƙasa dai ya riƙa girma a gindin ganuwa, tsagar ita ma tana ƙara buɗe baki kaɗan-kaɗan.

Ruwan ƙarshe shi ne ya kusa gamawa da mu. Kun san ruwan bankwana, da iska yake zuwa. Da rana tsaka gabas ta yi baƙi, ina cikin cin abinci na tsame hannu na fita. Na tarar Sale ya sauke lodi yana neman mafaka. Iska ta riga ta yaye zanar, ruwa na kwarara kai tsaye cikin tsagar, azara ɗaya ta goce. Na ce, "Kama nan!" Ya ce, "Ni da 'ya'yana ƙanana?" Amma ya kama. Muka mai da ita da kafaɗa, na buga mata dutse a gindi, muka riƙa kwasar ƙasa daga tarin nan da hannu muna cusawa a ramin, ba gini ba, ciko kawai, don soron ya samu abin zama a kai. Muna cikin haka sai muka ji wani abu ya ɓalle a sama. Kusurwar soron ce ta gabas, da zankonta, tsinin nan na bisa kusurwa, ta faɗo tim kusa da jakin Sale, jakin ya tsinke igiya ya yi cikin gari. Muka tsaya muna jiran sauran ya biyo. Bai biyo ba. Da ruwa ya ɗauke, Sale ya dube ni, laka har gira, ya ce, "In jakin nan ya ɓata, soron zan ɗaure wa mangala."

Da rani ya kama muka shiga aiki na gaske. Tsohuwar ƙasa sai an tsince ta tukuna. Me ba mu fitar ba? Fasassun kasake, tsinken kitso, murfin kwano, takalmin yaro ƙafa ɗaya. Sannan a farfasa, a jiƙa, a ba ta sabuwar ciyawa da ruwan makuba, a bar ta ta ruɓe kamar yadda aka koya mini. Na cike ramin da tubali, sannan na tayar da abin da muke ce wa dogari, wato gini mai kauri da ake jinginawa a jikin bango, mai faɗi a ƙasa, yana tsukewa yana hawa. Sahu ɗaya, a jira. Sahu ɗaya, a jira. Da safe ina soro, da yamma ina ɗakunan da na yi alkawari. A ranin nan magina suka yi ciniki irin wanda ba su taɓa yi ba, ko'ina bulo ake jerawa, ana aiko mini ina cewa hannuna a cike yake. Maiɗakina ta ce, "Malam, in tukunya ta tambaye ni, in ce mata tana soro?" Na ce ta ce mata haka. Ta sayar da akuyarta ba ta sake tayar da maganar ba. Wasu daga cikin masu ɗakunan suka riƙa zuwa suna taya ni taka ƙasa, har da mai cewa na zama bola. Ban tuna masa ba, ƙafarsa na da faɗi.

Ɗakin Gwaggo Indo shi na fara gamawa, da jar ƙasa sabuwa fil wadda Sale ya kawo. Soron kuwa sai dab da saukar ruwa na ɗinke tsagarsa na mai da kusurwar. Ba ta yi kyan ta da ba, duk mai ido zai ga inda hannuna ya tsaya da inda na mutanen da ya fara. Ranar da na yi yaɓen ƙarshe sai ga Gwaggo tafe da sandarta, ita da ta ce ba za ta taka wurin ba. Ta tsaya ta daɗe tana duban dogarin. Ta ce, "Ina tawa?" Na nuna mata can ƙasa ta hannun dama, don ƙasar ɗakinta aka fara kawowa. Ta matsa ta ƙwanƙwasa wurin da sanda, ta ce, "To. Nauyin da kika so ki sauke a kaina, ga shi an ɗora miki wanda ya fi shi. Sai ki riƙe." Ta juya ta tafi, ko sannu ba ta yi mini ba.

Ta kuwa riƙe. Tun daga shekarar babu damina da ta motsa shi, kuma mutanen unguwa sun daina haƙar gefen nan, don kowa ya san ɗakin uwarsa ko na kakarsa na ciki.

Yanzu ga inda muke. Gwiwata ta ƙi hawa, gindin kawai nake iya yaɓewa. Bana kuma tsuntsaye sun kai ɗan cediya kan rufin, ya tsiro, daga ƙasa ina hango ganyensa yana kaɗawa. Yau da hannu ɗaya za a tumɓuke shi. In ya sha damina, saiwarsa za ta shige bango ta raba shi biyu, kuma wannan babu dogarin da zai tare. Da yamma hadari ya fara haɗuwa ta gabas. To kai da ka zauna ka ji ni har nan, in na riƙe maka gindin tsani da hannuna biyu, za ka hau?